Godiya a Ranar da Zoɓo Ya Yi Tsami

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce mai shekara 34, ina zaune a Rigasa cikin gidan haya tare da maigidana da 'ya'yanmu uku. Shi malami ne a wata makaranta mai zaman kanta, ni kuma ina ɗinki, ina haɗawa da sayar da zoɓo da ƙanƙara. Shekara biyu da suka wuce mahaifiyata ta rasu, na yi haƙurin da har mutane suka riƙa yabawa. Amma yanzu ƙananan abubuwa ne suke tayar mini da hankali, irin su ɗauke wuta, tsadar ruwan 'yan ga-ruwa, kwatar maƙwabta da take bi ta ƙofar ɗakina, cunkoson Bakin Ruwa, da matan da na yi wa ɗinki suka riƙe mini kuɗi. Makon jiya wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, zoɓon da na haɗa ya yi tsami gaba ɗaya, a daidai lokacin kuma 'yata mai shekara bakwai ta ɓarar da ruwan da na saya, na yi mata tsawar da har yau take ɗari-ɗari da ni. Da na yi ƙorafi a gaban uwar mijina, sai ta ce ba ni da godiyar Allah, in je asibiti in ga yadda mutane suke. Gwaggo, bakina yana cewa Alhamdulillahi, amma zuciyata cike take da ƙunci. Shin na zama mai butulci ne? Yaya ake gode wa Allah a cikin irin wannan hali?

Daga wata baiwar Allah, Rigasa, Kaduna.

AMSA

Wa'alaikumus salamu wa rahmatullah, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya haskaka kabarinta, ya ba ki ladan haƙurin da kika yi. Zan fara da tambayar da na lura ta fi ci miki rai: ba ki zama mai butulci ba. Mai butulci ba ya kwana yana tuhumar zuciyarsa, kuma ba ya zama ya rubuta wa wata tsohuwa wasiƙa don tsoron kada ya saɓa wa Ubangijinsa. Abin da na gani a wasiƙarki shi ne mace da ta gaji, aka kuma ɗora mata zargi a kan gajiyar. Sai dai ba zan tsaya a lallashi ba, domin akwai gyara a lamarin, wani a wajenki, wani a wajen mutanen da suke kewaye da ke.

Kin yi mamakin yadda kika jure rasuwar uwa amma zoɓo ya kayar da ke. Ni kam ban yi mamaki ba, domin babbar musiba tana zuwa ne da sunanta. Ranar da mahaifiyarki ta rasu kowa ya san abin da ya same ki, ke ma kin sani; gida ya cika, an shimfiɗa tabarmi, maƙwabta sun ɗora tukunya, duk wadda ta shigo sai ta ce miki "yaya haƙuri" ta tuna miki da Allah, kuma aka yi kwanaki ba a bar ki ke kaɗai ba. Addini da al'ada sun haɗu sun tallafe ki a lokacin da ƙafafunki ba za su iya ɗaukarki ba. To wa ya taɓa zuwa yi wa mutum jaje don an ɗauke wuta? Wa yake aiko da kwanon abinci don kwata ta bi ta ƙofar ɗaki? Irin waɗannan suna shigowa ne kullum ba sallama, kowannensu ya yi ƙanƙantar da za ki ji kunyar kiransa jarrabawa, saboda haka ba kya tanadar masa haƙuri, ba kya kuma sa ran lada a kansa. Hausawa sun ce a juri zuwa rafi, wata rana tulu zai fashe, kuma ranar da ya fashe ba lallai ne hanyar ta fi ta kullum santsi ba, tafiye-tafiyen baya ne suka riga suka tsattsaga shi. Tsawar da kika yi wa yarinyar nan ta watanni ce ta taru, zoɓon dai ya zo ne a kan gaɓa.

Abin da ya kamata ya sanyaya miki rai shi ne ma'aunin Allah bai raina abin da mu muke rainawa ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa gajiya da ciwo da damuwa da baƙin ciki da cutarwa da ƙunci, sannan ya sauko har kan ƙayar da take sukar mutum, ya ce babu ɗaya daga cikinsu da zai sami musulmi face Allah ya kankare masa zunubai da shi. Ki dubi jerin nan da kyau, za ki ga gajiya ce a farkonsa, ƙaya ce a ƙarshensa, wato abubuwan da ake karo da su tsakanin ɗaki da madafa. Idan ƙaya ta shiga lissafi, to zaman cikin keke a cunkoson Bakin Ruwa da rana tsaka, da ledar yadi a cinya da zufa tana tsiyaya, ai ya fi cancantar shiga. Yawancinmu mun ajiye "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" sai ranar mutuwa, alhali aya ta 155 ta Suratul Baƙara, wadda ta share wa wannan kalma hanya, ta ambaci tsoro da yunwa da tawayar dukiya kafin ta zo kan rayuka. Zoɓon da ya yi tsami tawayar dukiya ce, ko da ta 'yan dubbai ce. Ranar da haka ta sake faruwa, ki kira abin da sunansa, ki karanta wannan kalma a kansa kamar yadda za ki karanta a kan babban rashi. Wannan haƙuri ne tukuna, bai kai godiya ba, amma ta ƙofarsa ake shiga, domin zuciyar da take tafasa ba ta ganin ni'ima ko da an ajiye mata ita a gabanta.

Sai batun bakin da yake faɗin abin da zuciya ba ta ji. Mu an raine mu da godiya a kan harshe tun kafin mu san ma'anarta. A tambayi mutum aiki ya ce da godiya, a tambaye shi gajiya ya ce babu, a tambaye shi sanyi ya ce lokacinsa ne, a tambaye shi ruwa ya ce ya yi gyara ko da daren jiya ya rushe masa katanga. Ina son wannan tarbiyya, kuma ba na cikin masu kiranta ƙarya, domin na sha ganin harshe ya yi gaba zuciya ta biyo shi daga baya. Kada ki daina faɗin Alhamdulillahi don ba ki ji zaƙinta ba, kamar yadda ba kya barin sallar asuba don ranar ba ki sami natsuwa ba. Munafunci shi ne mutum ya furta abin da bai yarda da shi ba, ke kuwa kin yarda Allah ya cancanci yabo, ɗanɗanon ne ya ɓace miki, kamar mai zazzaɓin da yake cin abinci yana jin shi salam amma abincin yana yi masa aiki a jiki.

Illar wannan tarbiyya tana zuwa ne idan aka wuce da ita gona da iri, har aka ɗauka duk wanda ya buɗe baki ya ce ya gaji ya fita daga sahun masu godiya. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne ya ce zai yi kyakkyawan haƙuri, kuma shi ne ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari; da 'ya'yansa suka dame shi da magana, sai ya ce musu shi ga Allah kaɗai yake kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa. Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da ya yardar da Ubangijinmu. Ashe ƙuncin da kike ji bai zama zunubi ba. Inda ake faɗa wa laifi shi ne tuhumar Allah a kan hukuncinsa, da yanke ƙauna daga rahamarsa, da kuma huce haushi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. A cikin ukun nan, na ƙarshen kaɗai na gani a wasiƙarki, kuma zan dawo kansa.

Ba kuma mafarki kike yi ba da kika ji rayuwa ta yi nauyi. Tun ranar 29 ga watan Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin man fetur ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Wannan fetur ɗin shi ne a cikin kuɗin keken da kike hawa zuwa kasuwa sayen zare, shi ne kuma a cikin jarkar ɗan ga-ruwa, tunda mai rijiyar burtsatse da janareta yake jawo ruwan idan babu wuta. A ƙarshen Oktoban 2024 ma yawancin jihohin Arewa, har da Kaduna, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da suke kawo wuta, kuma masu sana'ar ƙanƙara irinki sun san abin da suka gani. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma ke kin fi ni sanin ko ɗagin ya iso aljihun malamin makaranta mai zaman kanta. Na kawo waɗannan ne don ki daina zargin imaninki a kan abin da lissafi ma ya tabbatar. Babu wanda ya ce ki gode wa duhu ko tsada, kuma ba a neman ki kira sakacin mutane alheri. Allah ake gode wa a cikin halin, saboda abin da ya bari a hannu da kuma ladan da ya yi alkawari a kan wanda ya karɓa.

Daga nan sai a rarrabe. Zafin watan Afrilu da mutuwar uwa babu hannun kowa a cikinsu, maganinsu haƙuri ne kawai. Amma kuɗin ɗinkin da aka riƙe miki haƙƙi ne, kuma yin shiru a kansa da sunan godiya bai ƙara miki lada ba, ya dai ƙara miki ciwon rai, tunda barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wani mutum ya taɓa zuwa karɓar bashinsa wajen Manzon Allah ya tsananta magana har sahabbai suka yunƙura, sai ya ce su ƙyale shi domin mai haƙƙi yana da ta cewa. Ya kuma ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Saboda haka ki zauna ki rubuta sunayen masu bashin da abin da kike bin kowacce. Wadda kika san tana cikin matsi ki ɗaga mata ƙafa da zuciya ɗaya, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni, ki ɗauka sadaka kika yi, ki daina cizon yatsa a kanta. Wadda kuwa kike ganinta da sabon leshi a kowane biki, ki je ki nemi kuɗinki cikin mutunci ba tare da jin kunya ba. Daga yanzu kuma kada almakashi ya taɓa yadi sai an ba da kafin alƙalami, kaya kuma kada su fita sai an cika, ko da 'yar'uwa ce ta jini. Kwata ma haka take: ki sa maigidanki ya yi wa mai gidan hayar magana, idan abin ya faskara akwai mai unguwa, aikinsa ke nan.

Uwar mijinki kuma, ina roƙonki kada ki riƙe ta a rai. Maganar da ta faɗa tana da asali, domin Muslim ya ruwaito hadisin da ya ce mu dubi na ƙasa da mu, kada mu dubi na sama da mu, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. Sai dai ni a fahimtata wannan magani ne da mutum yake haɗiya da kansa, kuma idan aka ɗura wa wani shi a lokacin da yake kuka, yakan zama kamar an ce masa rufe mana baki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila ita ma da wannan kalmar aka rufe mata baki a zamaninta, ita kaɗai ta gada, ita take miƙawa. Ki ce mata "gaskiya ne Hajiya, Allah ya sa mu dace", ki wuce, sannan ki koyi zaɓen inda za ki kai kukanki: sujada da farko, sai mijinki, sai wata aminiya guda mai riƙe sirri wadda za ta saurare ki ba tare da ta mayar da zancen wa'azi ko gulma ba. Rabin hadisin da ya ce kada a dubi na sama kuwa, wannan naki ne ke da wayarki. Idan kina kwanciya da hotunan ɗakunan girkin mutane da kayan lefensu a WhatsApp da TikTok, ba abin mamaki ba ne ki wayi gari ɗakinki ya yi miki ƙunci, alhali abin da aka zaɓa aka goge shi kaɗai ake nuna miki.

Bari in ba ki labarin kaina, ko da yake ba na son yawan yin haka a wannan fili. Marigayi maigidana ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ku yaran yanzu kangon gine-ginen kawai kuka tarar, amma tun daga 1957 da ta farko ta fara aiki a zamanin Sardauna, masaƙun nan ne suka ciyar da dubban gidaje a Kakuri da Makera da Nasarawa, har suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Da aka rufe tasu, mun yi watanni muna jiran haƙƙin sallama da bai zo ba, na sayar da gadona da kwallayena, na koma suyar ƙosai a ƙofar gida. A lokacin akwai wata maƙwabciyarmu da kusan kullum da yamma sai ta aiko da kwano a rufe, yarinyarta ta ce wai in ɗanɗana mata gishiri ko ya ji. Na san sarai ba gishiri take tambaya ba, tana rufa mini asiri ne a gaban 'ya'yana. Amma zuciyata ta cika da lissafin abin da muka rasa da haushin waɗanda suka jefa mu a halin, har ban taɓa shiga ɗakinta na zauna na yi mata godiyar da ta dace ba, sai dai "a ce mata an gode" daga bakin ƙofa. Daga baya suka tashi daga unguwar, ban sake jin ɗuriyarta ba. Yau yunwar wancan lokaci ba ta dame ni, na ma manta zafinta, amma wannan kwanon yana nan a raina. Kullum ina sallah a lokacin, kullum ina cewa Alhamdulillahi, ashe amsar addu'ar tawa ce take shigowa da yamma a hannun yarinya ni kuma ina kallon wani wajen.

Abin da na koya daga nan shi ne godiyar dunƙule ba ta ratsa zuciya, sai an warware ta an kira kowane abu da sunansa. Ki duba Annabi Yusuf a ƙarshen ƙissarsa, a aya ta 100, lokacin da iyayensa da 'yan'uwansa suka zo Masar: ya ce Ubangijinsa ya kyautata masa da ya fitar da shi daga kurkuku, ya kuma zo da su daga ƙauye. Malaman tafsiri sun lura cewa bai ambaci rijiya ba, ga waɗanda suka jefa shi ciki a gabansa. Bai manta rijiyar ba, bai kuma ƙaryata ta ba, ya dai zaɓi abin da zai ƙirga. Ke ma a ranar zoɓon nan akwai abubuwa biyu a cikin gidanki, asarar da aka yi da kuma abin da bai taɓu ba, amma ɗaya kawai ya sami mai ƙirga shi. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Mu mutanen Kaduna ba ma bukatar a fassara mana na farkon. A tashar da take unguwarku ne iyalai suka tsaya jiran jirgin ƙasan da ya taso daga Abuja ranar 28 ga Maris na 2022 bai iso ba saboda harin da 'yan bindiga suka kai masa a hanya, wasu kuma ba su ga nasu da aka sace ba sai a watan Oktoba. Ban kawo wannan don in rufe miki baki ba, na kawo shi ne don daren da kika kulle ƙofa yaranki uku da ubansu duk suna ciki, ki san akwai abin ƙirgawa. Bayan sallar isha'i, kafin ki ɗauki waya, ki ambaci abu biyu ko uku na wannan yinin takamaimai, kamar mai ɗinkin da ta biya ba ja-in-ja, ko zazzaɓin ƙaramin da ya sauka, ko keken da kika samu ana gab da fara ruwa. Ranar da kika rasa abin faɗa kada ki ƙirƙira, ki tsaya a kan addu'ar da Manzon Allah ya koya wa Mu'azu ɗan Jabal ya riƙa yi bayan kowace sallah, ta neman Allah ya taimake shi a kan ambatonsa da gode masa da kyautata bauta masa. Idan sahabi kamar Mu'azu an ce ya roƙi taimako a kan godiya, to ke ma ba abin kunya ba ne ta yi miki nauyi.

Kada kuma ki maimaita kuskurena. Hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma ni na ga wannan ƙofar ta fi saurin buɗe zuciya, domin mutum yana gabanki, kina ganin yadda fuskarsa take sauyawa. Ɗan ga-ruwan da kike jin haushin farashinsa, kura ya turo da jarkoki cike a cikin rana, shi ma a wajen mai burtsatse aka ƙara masa. Ki yi masa sannu ta gaskiya wata rana, ki miƙa masa zoɓo mai sanyi idan akwai. Maigidanki da yake tsayuwa a gaban allo tun safe a kan albashin da ku biyu kuka san bai isa ba, yaushe rabon da ki ce masa sannu da ƙoƙari ba tare da jerin abin da ya ƙare ya biyo baya ba? Ban ce ya fi ki wahala ba, kuma shi ma ina fata wani zai nuna masa wannan shafi ya san akwai sannun da ake bin sa bashi. Amma ke ce kika rubuto, ke zan aika.

Allah ya ce wa iyalan Annabi Dawud a Suratu Saba su yi aiki don godiya, saboda haka kula da sana'ar da aka ba ki yana cikin godiyar. Tunda kin san halin wutar unguwarku, ki daina jiƙa zoɓo mai yawa a lokaci ɗaya. Busasshensa yana watanni bai yi komai ba, jiƙaƙƙe ne ba ya kwana a zafi. Ki haɗa daidai na yini, ranar da firiza ta mutu ki sari ƙanƙara a wajen masu sola ko babban janareta ki sa a kula, riba ta ragu amma uwar kuɗi ta tsira. Idan keken ɗinkinki na wuta ne kaɗai, ki sa sayen na ƙafa a gaba, ko ta hanyar adashi ne.

Akwai abu guda da ba na so ki raina. Idan wannan ƙunci ya wuce mako biyu a jere yana hana ki barci ko cin abinci, ko kina kuka ba dalili, ko abin da kike jin daɗinsa a da ya fita daga ranki, ko kanki yana yawan sarawa, to ki je asibitin unguwa a auna miki jini, ki kuma gaya wa ma'aikaciyar lafiya duk abin da kika gaya mini. Hawan jini da ciwon damuwa cututtuka ne kamar zazzaɓin cizon sauro, ba sa nuna raunin imani, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da yake Barnawa yana duba masu damuwa da rashin barci da suke zuwa da ƙafarsu su koma gida a ranar. Na yi wannan magana ne musamman saboda shekara biyu ba su da yawa a rashin uwa, kuma sau tari wadda aka yaba wa haƙuri a zaman makoki ita ce ba ta sami damar yin kukanta ba, sai ya riƙa fitowa daga baya ta wasu kafofi.

Yanzu sai yarinyar. Wannan kada ya kwana. Ki kira ta ke da ita kaɗai, ki zaunar da ita a jikinki, ki ce mata ranki ne ya ɓaci saboda zoɓo da wuta, ba ita ce ta jawo ba, ta yi haƙuri. Na san a al'adarmu uwa ba ta saba ba ɗa haƙuri ba, wasu ma za su ce sangarta ce, amma yarinya mai shekara bakwai ba ta san farashin fetur ba, abin da ta sani kawai shi ne ta ɓarar da ruwa uwarta ta zama wata daban. Idan za ki haɗa zoɓo na gaba, ki ba ta aikin ƙulla leda ko wanke robobi, ki yaba mata a gaban babanta.

Ki rubuto mini bayan wata guda, ki gaya mini nawa kika karɓo daga bashin nan, da abin da awon jini ya nuna, da kuma yadda aka ƙare da kwatar. Ki gaishe mini da maigidan da yara, ki kuma gaishe da Hajiya da kyau.

Gwaggonku.